Waiwaye Adon Tafiya: Daga Tsaunin Obudu Zuwa Yashin Tarkwa

Bahaushe matafiyi ne tun fil azal. Kakanninmu sun kora jakuna har Gwanja neman goro, sun ratsa Sahara da raƙuma har Tarabulus, waɗansu kuma sun nufi gabas a ƙasa, suka yi shekaru a hanya kafin su ga Maka. Amma in an lura, kowace tafiya daga cikin waɗannan akwai bukatar da ta tashe ta, ko fatauci, ko neman ilmi, ko sauke farali. Mutum ya ɗaure kayansa ya kashe kuɗinsa don kawai ya je ya ga dutse, ko ya zauna a bakin teku, wannan baƙon al'amari ne a wurinmu, har gobe ma akwai dattawan da za su ce mai yinsa ya rasa abin yi ne. To, aikin jarida ya jefa ni cikin irin wannan yawo ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Tun da yake masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, na ga ya kyautu a wannan mako mu waiwayi wurare huɗu da na taka a ƙasar nan, watau tsaunuka biyu, Obudu da Mambila, da tsibiran yashi biyu na bakin tekun Ikko, Tarkwa da Gberefu.

Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska, me ya haɗa ƙwanƙolin dutse da bakin teku? Abin da ya haɗa su shi ne ruwa ba ya barin ko ɗayansu ya huta. A kan tsauni ruwan sama ne ke gangarowa da ƙarfi, yana cin gefen hanya, yana zaftaro ƙasa, yana sa ƙarfe tsatsa. A bakin teku kuwa igiyar ruwa ce ke kwasar yashi daga nan ta kai can, dare da rana. Saboda haka duk wurin hutawar da aka kafa a ɗayansu tamkar soron ƙasa yake, kome kyansa ranar da magini ya sauko, in ba a yi masa yaɓe kowace shekara kafin damina ba, wata rana sai a wayi gari azara na ƙasa. Mu kuwa a ƙasar nan mun ƙware ƙwarai wajen bikin buɗe gini, yaɓen ne ya gagare mu, kuma sau da yawa masu yin yaɓen, watau talakawan da ke zaune a wurin, su ake fara mantawa da su, ko ma a kore su.

OBUDU

Na hau tsaunin Obudu a watan Nuwamba na 2011, ina sabon shiga aikin jarida, aka tura mu ɗauko labarin gasar gudu da ake yi a can a lokacin kowace shekara. Wurin yana cikin Ƙaramar Hukumar Obanliku ta Jihar Kuros Riba, dab da iyakar Kamaru, kimanin kilomita 65 daga garin Obudu. Wanda ya taso daga Kalaba sai ya yi sa'a shida ko fiye a mota kafin ya iso gindin dutsen, inda zai tarar da wata ƙofa da aka yi wa siffar kan bijimi da ƙahoninsa. Daga nan hanya ta miƙe sama, kilomita 11, tana nannaɗewa kamar maciji, da lanƙwasa fiye da 20, cikinsu har da wadda Turawa suka laƙaba wa suna gwiwar hannun Shaiɗan saboda muninta. Direba mai hankali ba ya hira a wannan hanya, fasinja kuwa ko bai saba ba sai ya kama salati.

In ka kai sama, ka tashi kusan mita 1,600 bisa doron teku. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne sanyi. Masana yanayi sun ce duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska kan ragu da kimanin digiri shida da rabi, don haka wanda ya baro Ogoja yana sharce gumi, da yamma sai ga shi yana neman bargo da rigar sanyi. Gajimare kuwa shi ke zuwa ya same ka har ƙofar ɗaki, ya lulluɓe ka har ba ka ganin wanda ke gabanka da taki goma, jim kaɗan ya yaye, sai ga tuddai kore shar iyakar ganinka.

Wannan sanyi shi ne asalin wurin. Kudancin ƙasar nan ba ya karɓar shanu sosai saboda ƙudan tsando mai sa musu sammore, amma ƙudan ba ya jure sanyin tudu. Wani Bature ɗan ƙasar Sukotlan mai suna McCaughley ya lura da haka, shi da abokansa suka kafa gandun kiwon shanu a kan tsaunin a 1951. Sannu a hankali aka gina ɗakunan baƙi, har ya zama wurin da manyan ma'aikata ke zuwa hutu. A zamanin Gwamna Donald Duke, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, aka yi wa wurin gagarumin gyara. Aka gina sababbin masaukai da zauren taro da gidan saukar shugaban ƙasa, sa'an nan a 2005 aka kafa motar igiya, watau waɗansu akwatuna masu tagogin gilashi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, suna ɗaukar mutane daga gindin dutse zuwa kansa, tafiyar kilomita 4, hawan mita 870. A shekarar ce kuma aka fara gasar gudun, inda wanda ya zo na ɗaya ke karɓar dalar Amurka 50,000, abin da ya jawo gwanayen gudu daga Habasha da Kenya da Uganda.

Na shiga motar nan, kuma ba na jin zan manta. Da aka rufe ƙofa akwatin ya yi wani ɗan lilo, sai ƙasa ta fara nisa, itatuwan kurmi suka koma kamar ganyen alayyafo a fage, hanyar da muka sha wuya a kanta jiya ta zama kamar zare da aka yar a ciyawa. Wani dattijo da muka shiga tare ya rufe ido tun daga ƙasa, bai buɗe ba sai da aka ce masa an iso. Kashegari kuma muka tsaya a sama muna kallon 'yan gudu suna haurowa ta hanyar nan da mota ke nishi a kanta, na gabansu ya iso cikin ƙasa da sa'a guda. A ranar duk wanda ke wurin ya ɗauka Nijeriya ta sami abin da za ta nuna wa duniya.

Ba a daɗe ba labari ya sha bamban. Jaridu suka yi ta ba da labarin yadda motar igiyar ta tsaya ta yi shekaru ba ta motsa ba, gasar gudun ta yi shiru, gine-gine suka fara lalacewa, baƙi suka ja da baya. Wanda ya san wurin ba zai yi mamaki ba. Ruwan da ke sauka a Obudu cikin shekara ya kai milimita 4,000, watau ya ninka na Kano sau huɗu ko fiye. Na'urar da ke rataye cikin irin wannan danshi tana bukatar mai duba igiyarta kullum, da kayan gyara a ajiye, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da kuɗin da aka ware mata a kasafin kowace shekara ko wane ne ke kan mulki. Amma gwamnan da ya yi gini sunansa na jikin allo, wanda ya gaje shi kuwa ba mai tafa masa don ya sayi giris da ƙusoshi, shi ya sa kowa ya hau sai ya nemi nasa sabon aikin da za a taru a yanke masa ƙyalle.

Abin da bai tsaya ba a Obudu shi ne mutanen Becheve, waɗanda ƙauyukansu ke kan tsaunin. Su suka zaga da mu cikin kurmin da aka keɓe, suka haye da mu gadar igiya da aka ɗaura a tsakanin dogayen itatuwa, su ne masu babur da ke kai baƙo inda mota ba ta zuwa, su ne masu sayar da zuma a bakin hanya. Wani saurayi daga cikinsu ya dubi gabas ya ce mu koma masauki ruwa na tafe, alhali kuwa rana na haskawa, ba mu kai ƙofa ba sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin waɗannan samari ne ya kamata a ce aikin na'urar na hannunsu, ƙauyukansu kuma suna da kaso sananne cikin kuɗin shiga, gama wanda abincinsa ke rataye a jikin igiya shi zai fara kuka tun ranar da ta fara ƙara.

MAMBILA

Tsauni na biyu, Mambila, na hau shi a 2016. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, kuma sunan ƙaramar hukumar kansa tarihi ne. Yankin yana cikin Kamarun Arewa da Ingila ke riƙo a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya, sai a ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu 1961 jama'ar Kamarun Arewa suka zaɓi shiga Nijeriya, aka sa wa lardin suna Lardin Sardauna don girmama Sir Ahmadu Bello. Daga Jalingo ana bi ta Bali da Serti, inda hedkwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, a fara hawa daga Mayo Selbe, a wuce Maisamari da Nguroje, a sauka Gembu. Tsayinsa ya yi daidai da na Obudu ko ya ɗara, faɗinsa kuwa ya fi nesa ba kusa ba, kuma a wannan sashe ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419.

A Mambila ban ga motar igiya ba, ban ga zauren taro na alfarma ba. Abin da na gani shi ne gonar shayi ta Kakara, layi-layi kamar an shata da zare, da itatuwan turare da aka daddasa don makamashi da katako, da fiya da ayaba da dankalin Turawa, da garkunan shanun Fulani masu ƙiba suna kiwo a gangaren tuddai. Da asuba a Gembu sai an ɗumama ruwan alwala. Tsofaffin motocin Land Rover, waɗanda a wasu wurare sun daɗe da zama labari, su ne jakunan tsaunin, kuma makanikan garin sun san kowace ƙusa a jikinsu, don haka za ka ga motar da ta girmi direbanta tana hawa da buhunan masara ba ta ko tari.

A nan na ga cewa abin da mutanen wuri ke cin abinci da shi ba ya mutuwa, ko da ya tsufa. Abin da Mambila ke bukata shi ne ɓangaren da ba mai iya yinsa sai hukuma, watau hanya mai kyau wadda ake gyarawa bayan kowace damina, da masauki mai tsabta, da zaman lafiya. Rikicin da ya ɓarke a watan Yuni 2017 tsakanin manoma da makiyaya a kan filaye ya ci rayuka da dabbobi masu yawa, baƙo kuwa ba ya ɗaukar iyalinsa zuwa inda ya ji ana zaman ɗar-ɗar. Maimakon waɗannan, alkawarin da aka fi yi wa yankin shi ne na madatsar ruwa mai ba da lantarki megawat 3,050, wadda aka sa hannu kan kwangilarta a 2017, aka kuma shafe shekaru ana shari'a a kanta a birnin Faris ba a aza tubali ba.

TARKWA

Yanzu kuma mu gangara bakin teku. Duk wanda ya zauna a Ikko ya san garin ba ya barin mutum ya numfasa, shi ya sa ran Lahadi dubban jama'a ke neman inda za su ga sararin sama. A 2018 na je Tarkwa, wani yanki na yashi a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, wanda ba a zuwansa sai ta ruwa. Daga Marina ko tsibirin Victoria ake shiga ƙaramin jirgi mai inji, a ratsa ta gefen manyan jiragen dakon kaya masu shiga Apapa, cikin minti ashirin a sauka. Ruwan wurin ya fi na sauran gaɓar kwanciya, don haka iyaye kan bar yara su shiga. Na tarar da masu ba da hayar kujera da rumfa, da mata masu gasa kifi, da masu fasa kwakwa, da 'yan'uwanmu 'yan Arewa masu tsire da shayi, da waɗansu yara 'yan wurin da suka koyi tsayawa a kan allo suna hawan igiyar ruwa kamar masu sukuwa ran Salla.

Kwanciyar ruwan nan aikin hannun ɗan Adam ce. A gaɓar Afirka ta Yamma igiyar teku tana bugun ƙasa a karkace, tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Da Turawa suka so manyan jirage su riƙa shiga Ikko ba tare da yashi ya toshe musu hanya ba, sai suka gina dogayen katangun duwatsu cikin teku tsakanin 1908 da 1912. Katangun suka tare yashi a gefen yamma, ya taru ya yi tudu a wajen tsohuwar hasumiyar fitila, Tarkwa kuma ta sami mafaka a tsakaninsu. Gefen gabas kuwa, wanda aka yanke wa yashinsa, sai teku ta shiga cinsa. Wannan gefen shi ne Bar Beach.

Dattawan da suka zauna Ikko a shekarun 1970 da 1980 sun san Bar Beach. Nan talaka ke kai iyalinsa ranar hutu ba tare da ya biya ko kwabo ba, nan masu fararen riguna ke addu'o'insu, nan yaranmu masu dawaki ke ɗora baƙi a sirdi, nan ne kuma aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, cikinsu har da Ishola Oyenusi a watan Satumba 1971. Gwamnatoci sun yi ta zuba masa yashi teku na kwashewa, har ruwa ya riƙa haurowa kan titin Ahmadu Bello. A ƙarshe aka ba wani kamfani ya cike wurin ya kafa sabon birni, Eko Atlantic, da katangar kariya da aka tsara tsawonta zai kai kilomita takwas da rabi. A watan Fabrairu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton suka halarci bikinsa. Katangar ta kare tsibirin Victoria daga ambaliya, wannan gaskiya ne, kuma abin yabawa ne. Amma bakin tekun talaka ya tafi, ba a kuwa ba shi madadinsa ba. Galibin wuraren da suka rage a wajen Lekki sai da kuɗin shiga, ɗaya daga cikin fitattun wuraren wankan teku na birnin ma, Landmark, an rushe shi a watan Afrilu 2024 don a shimfiɗa babban titin gaɓar teku daga Ikko zuwa Kalaba.

Tarkwa ma ba ta tsira ba. Ranar 21 ga Janairu 2020 sojojin ruwa suka sauka a tsibirin, suka yi harbi sama, suka umarci mazauna su kwashe kayansu su fita a ranar. Dubban mutane, mata da yara da tsofaffi, suka cika jirage da katifu da tukwane, daga baya aka rushe gidaje. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne wai masu fasa bututun man da ya taso daga ma'ajiyar Atlas Cove sun mai da yankin maɓoyarsu. Ba mai cewa fasa bututu ƙaramin laifi ne, domin a watan Mayu 2006 gobarar bututu a wani tsibiri na wannan yanki ta hallaka mutane fiye da 100. Amma ai doka ta san ɓarawo, ta kuma san mai gasa kifi. A kama mai laifi a kai shi gaban alƙali, wanda ba shi da laifi kuwa, in ya zama tilas ya tashi, a ba shi wa'adi da matsuguni. Baƙi sun ci gaba da zuwa Tarkwa bayan haka, yashi yana nan, ruwa yana nan, sai dai mutanen da suka san inda ruwa ke ja da inda yaro zai iya wanka, waɗanda ke tsince shara da safe, su kuma faɗa ruwa su tsamo wanda ya fara nutsewa, an tarwatsa da yawansu.

GBEREFU

Tsibiri na ƙarshe shi ne Gberefu, a Badagry, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, wanda na je a 2019. Shi kam wurin tunani ne, wasa ba ya kama mutum a can. Daga bakin garin ake shiga kwalekwale a haye tafki cikin 'yan mintoci, sa'an nan a taka yashi a ƙasa tsakanin itatuwan kwakwa kamar rabin sa'a har a isa Tekun Atlantika. A kan wannan hanya aka riƙa kora bayi zuwa jiragen Turawa, ƙarshenta kuma shi ake kira wurin da ba a komowa. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da mutanen garin ke cewa an riƙa tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Ya kamata Bahaushe ya taka wannan yashi da natsuwa, gama cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa, irin su Badagry da Ikko da Wida, akwai Hausawa da yawa da aka kai Bahia ta ƙasar Birazil, inda tarihi ya rubuta tawayensu a 1809 da 1814. Ta Badagry ɗin ne kuma Bature Clapperton ya shigo a 1825 a tafiyarsa ta zuwa Sakkwato, inda ya mutu a 1827.

A 2009 jaridu suka cika da labarin wani shiri na gina ƙasaitaccen wurin shaƙatawa a Badagry kan kuɗi dala miliyan 3,400, da otal da filin wasanni, wanda Marlon Jackson, yayan mawaƙin nan Michael Jackson, ke cikin masu tallata shi. Shekara goma bayan wannan, abin da na tarar shi ne masu kwalekwale, da samarin garin da suka haddace tarihin kakanninsu suna ba da shi ga duk wanda ya zo, da iyalan da ke riƙe da ƙananan gidajen tarihi inda aka adana sarƙoƙi da mari na zamanin cinikin bayi. Waɗannan su suka riƙe Gberefu da 'yar Nairar da baƙo ke miƙa musu, kuma ba don su ba da ciyawa ta daɗe da rufe hanyar.

ABIN YI

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shawarata ta farko ga gwamnatocin jihohin nan ita ce, kafin a sake aza harsashin wani sabon abu, a kafa dokar da za ta keɓe wani kaso na kuɗin shiga don gyara kaɗai, a riƙa buga lissafinsa kowace shekara jama'a su gani, yadda canjin gwamna ba zai zama ajalin na'ura ba. Ta biyu, a fara da hanya. A da can akwai leburorin hanya da ke zaune a sansanoninsu, kowane rukuni da 'yan milmilolin da yake kula da su, suna cike rami tun yana ƙarami, suna share magudana kafin ruwa ya sauka. Hanyar Obudu da ta Mambila irin wannan kulawa suke so, kuma 'ya'yan ƙauyukan da ke gefensu za su yi ta da araha.

Ta uku, a ɗauki mazauna wuraren nan a matsayin abokan aiki. A yi wa masu jirage da masu rakiyar baƙi rajista, a koya musu aikin ceto da na gyaran na'ura, a ba ƙauyukansu kasonsu, kada kuma a sake tashin kowa daga gidansa da bakin bindiga ba wa'adi ba matsuguni. Ta huɗu, Gwamnatin Jihar Legas ta keɓe aƙalla wurare biyu ko uku a bakin teku waɗanda doka ta hana sayarwa ko katangewa, inda ɗan dako da mai gadi za su kai 'ya'yansu ba tare da an tambaye su kuɗin ƙofa ba. Birnin da ke da miliyoyin jama'a a bakin teku bai kamata a ce yaran da aka haifa a cikinsa suna girma ba su taɓa jiƙa ƙafa a ruwanta ba.

Ku kuma masu karatu, musamman 'yan'uwa mazauna Kudu da kullum hanyarmu ɗaya ce, daga kasuwa sai gida, daga gida sai tashar motar Arewa, gani ya kori ji. Wanda Allah Ya hore wa, ya ɗauki iyali ya je ya ga ƙasarsa, shugabannin makarantu kuma su riƙa kai ɗalibai. Mai niyyar tsauni ya bari sai damina ta ɗauke, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya tambayi halin hanya kafin ya tashi, ya sa a duba masa birki, ya kuma tafi da rigar sanyi. Mai niyyar tsibiri kada ya shiga jirgin da ba a ba shi rigar ceto ba, kada ya yarda a yi masa lodin da ya wuce ƙima, kada ya bari dare ya same shi a kan ruwa, kada kuma ya shiga teku sai ya tambayi ɗan wuri. In an gama yawo, a biya ɗan rakiya hakkinsa da daɗin rai, a daina taya shi kamar ana cinikin albasa, domin da wannan 'yar ladan yake riƙe wurin har wani baƙon ya zo.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.